VPN, Kali Linux da akwatin filashin: me dokar laifukan intanet ta hana, me ba ta hana ba

Saƙon nan ya sake dawowa yana yawo daga waya zuwa waya. Wai an kafa sabuwar dokar intanet, duk wanda aka kama da VPN (manhajar da ke rufe bayanan mutum da ɓoye inda yake shiga intanet) a wayarsa ɗaurin shekara 7 ne, duk wanda aka ga Kali Linux (tsarin kwamfuta na gwajin tsaro) a laftof ɗinsa ɗan kutse ne a idon hukuma, masu gyaran waya kuma gara su ɓoye akwatunan filashin ɗinsu, wato na'urorin da suke sake zuba wa waya manhajarta da su, tun kafin a zo kamu. A nan Sakkwato maganar ta shiga cikin ɗaliban kwamfuta da samarin da ke haɗa na'urori da masu shagunan gyara, har ana jin wasu suna cewa, "Wagga doka mu taka nema." Wasu sun fara goge manhajojin da suka sha wuyar saukewa da kuɗin data.

Dokar da ake nufi, wato dokar laifukan intanet ta Najeriya, ba sabuwa ba ce. Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya sauka daga mulki. Gyaran da aka yi mata Bola Tinubu ya sa wa hannu a Fabrairun 2024, kuma ya fi shafar sashe na 24 kan saƙonnin ƙarya da na batsa, da wa'adin kai rahoton kutse da aka rage daga kwana 7 zuwa awa 72, da harajin nan na kashi 0.5 cikin ɗari kan hada-hadar kuɗi ta intanet da ya tayar da ƙura har Babban Bankin Najeriya ya janye umarninsa a watan Mayun shekarar. Sassan da ake tsorata mutanen kwamfuta da su, wato na 6 da na 28, suna nan yadda suke tun 2015. Dokar ta hau kan kowa, mutum ko kamfani ko ma'aikatar gwamnati, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'o'inta.

Shekara 7 da ake jingina wa VPN ba daga iska aka samo ta ba, tana cikin ƙaramin sashe na 3 na sashe na 6. Abin da ya ce shi ne, wanda ya yi amfani da wata na'ura don ɓoye kansa ko hana a gano shi, alhali yana da niyyar aikata laifin da sashen ya ambata, yana iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 7 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko duka biyun. Masu tura saƙon sun ɗauki ɓoye kai da shekara 7, sun jefar da tsakiyar maganar. Laifin da sashen ke nufi shi ne kutsawa cikin kwamfuta ko hanyar sadarwar wani ba da izini ba, da nufin zamba. Sai an fara samun wannan niyya tukuna ɓoye kan ya zama ƙarin laifi a kanta. Mai rubuta manhaja da ke kunna VPN don ya shiga saba (babbar kwamfutar ajiye bayanai) ta kamfanin da yake wa aiki daga Legas ko daga ƙetare, ko mai wasan kwamfuta da ke neman sabar wani yanki, babu inda wannan sashe ya taɓa shi. Bankuna da manyan kamfanoni da kansu suke tilasta wa ma'aikatansu amfani da VPN, domin ita ce hanyar da ke rufe bayanan aiki daga idon masu leƙe.

Ina ganin tsoron VPN ya samo asali ne daga 2021, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, kuma ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umarnin gurfanar da masu keta dakatarwar. Mutane da yawa a lokacin ne suka fara sanin VPN, sai suka haɗa sunanta da barazanar kamu. Amma ko a wancan lokacin lauyoyi sun yi ta tambayar wace doka ce za a kafa hujja da ita, kuma a 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar kanta ta saɓa wa doka.

Sashe na 28 shi ne ya fi cancantar a zauna a kansa, don shi ne ya yi maganar kayan aiki kai tsaye. Ya haramta ƙera ko shigo da ko sayar da ko rarraba na'ura ko manhajar da aka tsara don aikata laifin da dokar ta ambata, ko wadda aka yi ta musamman don karya matakan tsaron kwamfuta da nufin a keta dokar da ita. Hukuncin wannan ɗauri ne da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce miliyan 7 ba, ko duka. Sannan ya zo kan mallaka: wanda aka samu da irin waɗannan kaya a hannunsa, da niyyar aikata laifi, shekara 2 ko miliyan 5 ko duka biyun shi ne iyaka. A duka wuraren biyu niyya ce ginshiƙin laifin, kuma mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da ita a gaban alƙali. Mai yanka makulli a bakin kasuwa yana da duk abin da ake buƙata don buɗe ƙofar da ba tasa ba, amma ba a kama shi sai an ga ya doshi ƙofar ko ya yanka wa ɓarawo yana sane.

Kali Linux tsarin kwamfuta ne na kyauta da kamfanin Offensive Security ya fitar a 2013, an cika shi da kayan gwajin tsaro irin su Nmap da Wireshark da Metasploit. Nmap ma tun 1997 take hannun masu kula da hanyoyin sadarwa, da ita suke duba ƙofofin da aka bari a buɗe a sabobinsu. Da waɗannan ake koyar da tsaron intanet ko'ina a duniya. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ya girka Kali a laftof ɗinsa, ya kafa wata kwamfutar gwaji a cikinta yana kai mata hari don ya koya, bai yi laifin komai ba. Haka wanda ke gwada ƙarfin kalmar sirrin Wi-Fi na gidansu.

Sannan a lura da yadda aka rubuta hukuncin. Kusan ko'ina "bai wuce" aka ce, wato wannan adadin shi ne ƙololuwa, alƙali na iya yanke ƙasa da shi, yana iya zaɓar tara kawai. Saƙonnin da ke yawo kuwa sukan kawo lambar kamar ita ce farashin da aka yanke wa kowa.

Inda hatsarin gaske yake, ba a cika ambatonsa a saƙonnin ba, kuma abubuwa ne da samarinmu ke ɗauka wasa ko ma taimako. Wani ya iya Wireshark, sai ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ko a otal yana kama bayanan da ke wucewa ta Wi-Fi ɗin da kowa ke amfani da shi, wai don ya ga ko zai iya. Sashe na 12 ya kira wannan tare bayanan mutane ba da izini ba, kuma yana iya kai wa shekara 2 ko miliyan 5. Wani ya gano rauni a shafin rajistar wata makaranta, ya shiga ya canza abu ɗaya don ya nuna wa abokai hujja: sashe na 16 ke nan, sauya bayanai ba da izini ba, har shekara 3 ko miliyan 7. Wanda ya tura wa shafin wani cunkoson buƙatu har ya durƙushe ya faɗa sashe na 8. Wanda ya haɗa shafin bogi mai kama da na banki ko na Facebook ya tura wa mutane don su zuba kalmar sirrinsu, sashe na 32 ya tanadar masa shekara 3 ko miliyan 1, kuma cewa "gwaji ne nake yi" ba ta da nauyi idan bayanan mutane na gaske ne suka shigo hannunsa. Tallan kalmomin sirrin mutane kuwa, irin wanda ake gani ana sayar da asusun wasu da araha, sashe na 6 da na 28 duk sun yi magana a kansa.

Masu gyaran waya su kwantar da hankalinsu game da filashin. Sake zuba wa waya manhajarta, ko cire makullin da mai ita ya manta, sana'a ce, babu sashen da ya hana. Matsalar tana shigowa ne ta ƙofa biyu. Ta farko, wayar da aka kawo ba kwali ba rasit, ga makullin asusun Google ko iCloud na wani a kanta, mai kawowar kuma yana gaggawa. Wanda ya buɗe irin wannan yana sane ko yana da dalilin zargin ta sata ce, ba ma sai an je dokar intanet ba, dokar laifuka ta jiha kan taimaka wa mai kayan sata ta ishe shi. Ta biyu ita ce abin da ke cikin wayar. Mai gyara da ya kwashe hotunan matar aure ko na budurwa daga wayar da aka ba shi amana, ko ya leƙa saƙonnin banki ya yi amfani da lambobin sirri, shi ne ainihin wanda dokar ke nema, kuma a nan ban ga abin tausaya masa ba. Littafin rubuta sunan mai kawo waya da lambarsa da lambar IMEI, wato lambar shaidar ita wayar, ya fi ɓoye akwatin filashin amfani nesa ba kusa ba.

Windows da Office da sauran manhajojin da aka fasa makullinsu ake zuba wa mutane a shago, wannan wani fage ne daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ce ke magana a kansu, ita ce ta hana kwafar manhaja ba lasisi da karya matakan da ke kare ta.

Duk da haka ba zan ce tsoron mutane ba shi da tushe ba. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet, wadda Najeriya ta shiga a 2022, tana da sashe mai kama da namu na 28, amma ta fito fili ta ce bai shafi wanda ya mallaki kayan don gwajin da aka ba shi izini ko don kare kwamfuta ba. Tamu dokar ba ta rubuta wannan togiya ɓaro-ɓaro ba, ta bar mutum ya dogara da kalmar niyya kaɗai. A gaban alƙali wannan na iya wadatarwa. Amma kafin a kai gaban alƙali akwai shingen kan hanya, akwai jami'in da baƙin allo mai fararen rubutu ya ishe shi hujjar cewa ya kama ɗan damfara, akwai kwanakin da laftof za ta yi a hannun hukuma alhali aikin kammala karatun mutum na ciki. Haka kuma babu wata kariya a rubuce ga wanda ya gano rauni a shafin gwamnati ko na kamfani ya kai rahoto da zuciya ɗaya. Manyan kamfanoni irin su Google da Microsoft biyan lada suke yi ga mai kawo musu irin wannan rahoto, bisa ƙa'idojin da suka wallafa. A nan kuwa mai kai rahoton yana iya zama wanda za a fara tuhuma. Ƙasar da ke kukan ƙarancin ƙwararrun tsaron intanet bai kamata ta bar masu koyo cikin wannan zullumi ba, kuma layi ɗaya a cikin dokar zai iya gyara shi. An buɗe dokar a 2024, aka taɓa haraji, aka wuce wannan.

Game da binciken waya da laftof a kan titi, sashe na 45 na dokar kanta ya shimfiɗa hanya: jami'i ya nemi takardar izini daga alƙali kafin ya bincika ko ya ƙwace na'ura don neman shaidar laifin intanet. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin wasiƙu da sadarwar ɗan ƙasa. A watan Oktoban 2020 babban sufeton 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya fito ya hana rundunoninsa binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai. Sanin wannan ba lasisin yin gardama da mai bindiga a bakin hanya ba ne. Amfaninsa shi ne mutum ya san an taka masa haƙƙi, ya riƙe suna da wuri da lokaci, ya nemi lauya.

Ga wanda ke son ya mayar da gwajin tsaro sana'a, izini na baki ba ya wadatarwa, ko da mai shagon ko shugaban makarantar kawunka ne. A rubuta takarda: wace kwamfuta ko wane shafi aka yarda ka gwada, daga wace rana zuwa wace rana, me aka hana ka taɓawa, kuma wanda ya sa hannu ya zama yana da ikon ba da wannan izini. Idan shafin yana zaune ne a sabar wani kamfanin haya, a duba ƙa'idojin kamfanin ma, don sabar ba ta mai shafin ba ce.

Akwai kuma sashe na 31, wanda kusan babu mai ambatonsa alhali ya fi kusa da rayuwar masu aikin kwamfuta a garin nan. Ya wajabta wa ma'aikaci, na gwamnati ko na kamfani, ya miƙa duk lambobin sirri da ikon shiga da ke hannunsa da zarar ya bar aiki. Wanda ya gina wa wata makaranta ko asibiti shafi a matsayin ma'aikacinsu, aka rabu ba daɗi, ya riƙe kalmar sirrin sabar don ya matsa a biya shi bashin albashi, yana iya fuskantar ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 3 ko duka biyun. Bashin albashin yana nan, kotun ma'aikata ce wurin bin sa, amma kalmar sirrin a miƙa ta a rubuce, a karɓi shaidar an miƙa.