Kayan ado na katako da ake yankowa ta fuska biyu: ga amsar tambayoyinku

Tun da na rataya ƴan fitilu da ƴan hasumiyoyin katakon nan a bakin shagona a Zango kafin ƙaramar Sallah, ba ranar da wani bai tsaya ya tambaye ni ba, wasu ma sun ɗauka odarsu na yo daga waje. A nan Damagaram aka yi su, da guntayen katakon da a da muke bar wa mata su hura wuta. Bari in amsa gaba ɗaya.

Wai da wuƙa ka sassaƙa su?

A'a, mashin ne, wani ɗan zarto da ake ɗorawa kan tebur, mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, masu Faransanci na ce mishi si a shanturne. Bakinshi siriri ne kamar tsinken tsintsiya, tsawonshi wajen santimeta 13, yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki, kai kuma kana juya katako a hannu kana bin zane. Wanda ya taɓa zama kan keken tela zai gane shi nan take.

To yaya zarton da ke yanka abu a shimfiɗe zai fitar da abu mai jiki ta kowane gefe?

Nan ne daɗin abin. Za ka samu guntun katako mai kusurwa huɗu daidai, misali faɗi santimeta 3, kauri santimeta 3, tsawo kamar 10. Takardar zanen tana da hoto biyu kusa da juna da layi tsakaninsu, sai ka ninke ta kan layin nan ka manna, layin ya hau kan gefen katakon cif, hoto ɗaya a fuskar sama ɗaya a fuskar gefe. In akwai rami a tsakiyar zanen, kamar tagar hasumiya, shi ake fara yi, ka huda da abin huda katako ka zura bakin zarton ciki ka yanke.

Sai ka yanka fuskar farko. Kar ka zubar da abin da ya ɓalle, mayar da kowane yanki wurinshi, ka naɗe da farin skoc tam kamar ba a taɓa shi ba, ka kifa katakon kan gefenshi ka yanka fuska ta biyu. In ka gama ka warware skoc ɗin, ɓawon zai zube ta ko'ina kamar kana ɓare gyaɗa, abin adon na kwance a tsakiya. Wallahi har yau in na zo wurin nan sai na ji gabana na faɗuwa don murna, ko sau nawa na yi.

Na gwada, nawa ya fito a karkace, gefe ɗaya kauri ɗaya siriri. Me ya jawo?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don kusan duk wanda ya kasa nan ya kasa, kuma yawanci sai ya ɗora wa mashin laifi alhali kusurwa ce ba ta miƙe ba. Katakon dole ya zama digiri 90 ta ko'ina, ka sa ma'aunin kusurwa ka duba, kar ka yarda da idonka. Teburin mashin ma dole ya yi daidai da bakin zarton. Ga yadda nake gwadawa: ka ɗan tsaga guntun katako mai kauri, ka kashe mashin, ka zagayo da guntun ta bayan bakin zarton ka gwada shigar da shi cikin tsagar. In ya shige sumul tebur ya daidaita, in ya ƙi to ka gyara kafin ka ɓata katako mai kyau.

Sai kuma gaggawa. Bakin nan siriri ne, in ka tura katako mai kauri da ƙarfi sai ya lanƙwashe a ciki inda ba ka gani, sama yana bin zane ƙasa ya tafi wani wuri dabam, kuma ba za ka sani ba sai ka warware skoc ka ga ɓarna. Ka ɗaure bakin ya yi tauri, in ka taɓa shi da yatsa ya yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi, sannan ka bar shi ya ci da kanshi, kai dai riƙewa da juyawa ne naka. Ni sai da na lalata guntaye sun fi goma kafin hannuna ya yarda da wannan.

Wane katako ya fi?

Mai koyo ya fara da farin katako mai laushi irin wanda ake kawo mana daga Najeriya. In hannu ya faɗa sai a koma maɗaci, ja ne mai kyau kuma in an shafa mishi berni, man da ke sa katako ƙyalli, yana ɗaukar ido. Aduwa da ake allo da ita ma tana yi. Kirya kam a bar wa masu turmi, taurinta cinye bakin zarto yake yi. Kowanne ne dai ya zama busasshe sosai, kuma kaurin kar ya wuce santimeta 4, don yawancin mashinan nan iyakarsu wajen 5 ne.

Katakon na ƙonewa, bakin na karyewa.

Bakin ya dakushe, ko ya yi ƙanƙanta. Ana sayar da su da lamba, ga wannan aikin lamba 5 ko 7 ya fi, mai haƙora da tazara don garin katako ya samu hanyar fita. Skoc ɗin da ka naɗa ma yana rage ƙuna. Ka sayi bakin da yawa in ka samu, abin ƙarewa ne.

Malam, wannan ba kayan Kirsimeti ba ne?

Gaskiya ne a Amurka da Jamus an fi yin su don ratayawa jikin itacen Kirsimeti, shi ya sa zanen da za ka tarar a intanet yawanci ƙararrawa ne da barewa da tsuntsaye. Amma yankan dabara ce, zanen kuma naka ne. Ni hasumiya nake yi, da fitila, da tulu, da wata da tauraro, mutane na saye don Sallah da suna da ɗakin amarya, wasu su rataya a mota. Ku zaga cikin Birni ku ɗaga kai ku kalli zayyanar da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidaje, da zankwayen da ke kan soraye, zane ne da zai ishe mu shekaru. Dagi ne kawai ya ba ni wuya don layukanshi na ratsa juna, ramukan sun yi yawa, amma ban haƙura ba.

In zan sayi mashin me zan duba?

Kuran ɗinmu 220 ne, na Amurka kuma 120, in aka aiko maka irin DeWalt daga can sai da taransifoma, na Turai irin Hegner ko Proxxon kai tsaye za ka jona. Ka nemi mai karɓar baki marar ƙusa a kai, shi ne ke shiga ƙaramin rami. Ba ya shan wuta sosai, ƙaramin gurup, wato janareta, ma ya ishe shi.

Yaro zai iya koyo?

Zai iya, ɗan ƙanena ɗan shekara 14 shi ke yi mini taurari yanzu. Amma babba ya tsaya kanshi, a sa tabarau da takunkumi saboda ƙura, kuma guntun in ƙarami ne a matse shi tsakanin katako biyu don yatsu su yi nisa da bakin. Wanda ke so ya gani da idonshi ya zo shago bayan la'asar, ya taho da guntun katakonshi.