Ina kuɗin tallafin mai suka shiga, kuma wa mutumin Zariya zai tambaya?

An cire tallafin man fetur tun 2023. Ina kuɗin suke tafiya?

Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni kuma Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Kuɗin da ake ragewa da sunan tallafi kafin a zuba a Asusun Tarayya, yanzu can ya kamata su shiga, kwamitin rabon kuɗin asusun, wato FAAC, ya raba duk wata. Bayan an ware wa jihohi masu mai kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Ke nan kusan rabin kuɗin ba ya tsayawa a Abuja, kuma wannan shi ne abin da mutane suka fi mantawa da shi.

To me ya sa ba mu gani a ƙasa ba?

Kason ya ƙaru a lissafin naira, amma nairar ta rage ƙarfi. Siminti, rodi, taki da magani duk sun bi dala. Buhun masarar da aka ɗauko daga Giwa ko Soba, kafin ya iso kasuwar Sabon Gari kuɗin mota da na lodi sun hau kansa, mai awo kuma ya mayar da su kan tiya. Sai dai wannan ba uzuri ba ne ga asibitin unguwa da babu magani, domin kuɗin sun shigo.

Nawa ƙaramar hukumata take samu?

Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa rabon kowane wata a intanet. A nemi shafin ƙananan hukumomi, a gangara zuwa Jihar Kaduna mai 23, za a ga Zariya da Sabon Gari kowacce da layinta. A kula da adadin da ya rage bayan cire-cire, shi ne ainihin abin da aka biya.

Matsalar ta daɗe tana asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗin ke bi ta hannun jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kada a ba kantomomin riƙo ko sisi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, don haka a tambayi kansila ko ciyaman: ta wane asusu kuɗin wannan watan suka shigo?

In an ƙi ba ni amsa fa?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar nema a rubuce, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa. In ta ƙi ko ta yi shiru, mai nema yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Inda ake yawan faɗuwa shi ne tambaya mai faɗi, irin "ku gaya mana yadda kuka kashe kuɗi". A ambaci aiki ɗaya, da wurinsa, da shekarar kasafin, a nemi sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi. A kai kwafi biyu, a sa sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a naka, don ba tare da wannan shaidar ba lauya ba shi da abin riƙewa.

Za a iya yi wa ɗan majalisa kiranye?

Sashe na 69 na tsarin mulki ya yarda da hakan ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Abu ne mai wuya ƙwarai. A yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a 2018, wajen kashi 5 kawai na masu rajista aka iya tantancewa, maganar ta mutu a nan.