Waiwaye: Yadda Ɗakunan Kwanan Ɗalibai Suka Lalace a Jami'o'in Najeriya

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoban 1962, an tsara ta ne a kan cewa ɗalibi zai kwana a cikin makaranta, ya ci abinci a ciki, ya yi karatu a ciki. Waɗanda suka zauna a ɗakunan Samaru da Kongo, harabobin jami'ar biyu, a shekarun farko har yau suna ba da labarin ɗakin mutum ɗaya ko biyu, da abinci sau uku a rana, da masu wanke musu zannuwan gado. Ɗaliban ba su da yawa, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin kusan komai.

Alamar farko ta cewa gwamnati ta fara gajiya ta bayyana a 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na kowace rana. Ɗalibai suka fito zanga-zangar neman a tsige Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A 1984 aka janye tallafin abinci gaba ɗaya, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Daga nan risho da tukunya suka shiga ɗakin kwana, ɗakin da ba a gina shi don girki ba.

A nan, a ganina, ɓarnar ta samo tushe. Shekara da shekaru kuɗin gado a jami'o'in tarayya ya tsaya a kan naira 90 a shekara, kuɗin da ba zai sayi kan famfo ɗaya ba. Gwamnati ba ta cike giɓin ba, hukumomin jami'a na tsoron tarzoma idan suka ƙara, ɗalibai kuma sai ninkuwa suke yi. Ɗakin mutum huɗu ya koma na takwas ko goma, katifa a ƙasa, akwati a ƙarƙashin gado, wayar lantarki tsirara an ja ta zuwa abin dafa ruwa. Da asuba ka tarar da bokitai sun yi layi a bakin famfo tun kafin masu su su farka. Banɗakin da ya toshe sai a sa masa kwaɗo, jama'ar bene guda su koma rububin wanda ya rage. Kuɗin cizo kuwa, ko an fesa magani lokacin hutu, suna nan cikin katakon gado. Wanda ya yi sa'ar samun gado yakan sayar wa ɗan'uwansa ɗalibi a ninkin ba ninkin.

A 2012 kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta ya zagaya jami'o'in gwamnati, ya gano cewa gadajen da ke akwai ba su wuce na kusan ɗalibi ɗaya cikin goma ba. Rahoton na cikin abin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta riƙe a yajin aikinta na 2013, wanda ya kai kusan wata shida kafin gwamnati ta saki naira biliyan 200 don gyaran jami'o'i.

An sami sababbin gine-gine tun daga nan. A 2019 Gidauniyar Aliko Ɗangote ta miƙa wa jami'ar Zariya rukunin ɗakuna mai gadaje 2,160, abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai kuɗin gini daban, kuɗin kula da gini daban, na biyun ne kuma har yau ba a ware masa tsayayyar hanya ba. Sauran ɗaliban suna can a gidajen haya na unguwannin da ke kewaye da jami'o'i, inda mai gida ke yanka kuɗin da ya ga dama. 'Yan mata da 'ya'yan talakawa da suka zo daga nesa su suka fi jin jiki, domin akwai iyayen da ba za su bar 'yarsu ta zauna a wajen makaranta ba, rashin gado kaɗai ya isa ya hana ta karatun.