Ba buɗe kasuwa ne ya ɗaga Ingila da Amurka ba

An daɗe ana cewa Ingila da Amurka sun yi arziki ne don sun bar kayan waje suna shiga ba shinge. Tarihi bai nuna haka ba. Sai a 1846 Ingila ta soke dokokin da ke kare hatsinta, bayan masana'antunta sun kafu. A Amurka kuwa, tun 1791 Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin ƙasar na farko, ya nemi a kare masana'antu masu tasowa, kuma ƙasar ta shafe shekaru masu yawa tana ɗora wa kayan waje haraji mai nauyi.

Masanin tattalin arziki ɗan Jamus Friedrich List ya kwatanta ƙasar da ta girma da kariya, sannan ta ce wa wasu su buɗe kasuwa, da wanda ya hau bene ya ture tsani. Ha-Joon Chang, masanin tattalin arziki ɗan Koriya ta Kudu, ya farfaɗo da wannan hujja, kuma a ganina tana da ƙarfi sosai, domin ƙasarsa ma da kariyar gwamnati masana'antunta suka girma.