Me ya sa Hausar da ake yi wa suruki ba ita ake yi wa aboki ba?

Harshe ɗaya ne, to me ke canzawa?

Saƙon bai canzawa, rigarsa ce ke canzawa. Matashi zai ce wa abokinsa "ya ne, ka shigo?" Idan surukinsa ne, sai ya rusuna ya ce "Baba, kun iso lafiya?" Mai magana yana duba shekarun wanda ke gabansa, da muƙaminsa, da dangantakarsu, da wurin da suke. Masana suna kiran Hausar da wata sana'a ko wani jinsi ya keɓanta da ita Hausar rukuni. Ita daban take da karin harshen yanki, irin Sakkwatanci ko Zazzaganci.

Yaushe ake cewa "ku" ga mutum ɗaya?

Ga iyaye, da surukai, da malamai, da dattijon da ba a sani ba. Wasu ma kan kauce wa lamirin gaba ɗaya: "Malam ya tashi lafiya?" alhali Malam ɗin ne a gabansu. Inda ake tuntuɓe shi ne a fara da "kun" a zame zuwa "ka" a tsakiyar zance, kunne kuwa nan take yake kamawa. Haka nan idan ka ce wa sa'anka "ku", zai ɗauka gatse ne ko fushi kake yi.

Kowane matsayi da gaisuwarsa. "Allah gafarta Malam" na malami ne da alƙali, "Allah ya ja zamanin sarki" na fada ne, "ranka ya daɗe" kuwa ya game manya duka. A fada sau da yawa ba sarki ke amsawa da bakinsa ba, fadawa ne ke cewa "sarki ya gaishe ka".

Sakaya zance fa, tsoro ne?

Kunya ce. Mace ba ta kama sunan mijinta, sai "maigida" ko "baban wance". Iyaye da dama ba sa faɗin sunan ɗan fari. Yaron da ya ci sunan kakansa kan tashi da laƙabi irin Abba, mai sunan kaka mace kuma Ummi, don kada a kira sunan babba gatsau. Akuya ce ke mutuwa, mutum rasuwa yake yi, ko ya riga mu gidan gaskiya. Mai ciki tana da juna biyu, in ta haihu ta sauka.

Amma gaban likita wannan ladabi yana cutarwa. Mai ciwon mara ta ce "cikina ne", ko a ce "sanyi" a yi shiru, sai a nemi cutar inda ba ta. A can faɗin abu da sunansa ya fi.

Akwai inda zagi ba laifi ba ne?

Akwai, tsakanin abokan wasa: taubasai, kaka da jika, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi. Kalmar da za ta jawo faɗa a wani wuri dariya take jawowa a nan.

Kasuwa fa?

Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", wato bai yarda da kuɗin ba. Baƙo kan zaci an sayar masa. Ciniki bai faɗa ba sai an ce "na sallama", sannan a nemi gyara.

A rubutu ma haka ne?

Ya ma fi tsanani, don takarda ba ta da murya balle rusunawa. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, ita jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun fitowarta a Zariya a 1939, ita ce kuma ta jarrabawa da labaran rediyo. Basakkwace zai ce "tahi" a gida, ya rubuta "tafi" a takarda.

A WhatsApp "slm", "ykk", "lfy" da "ngd" sun wadatar tsakanin abokai. Tura wa shugaban wurin aiki "ykk" kuwa raini ne. Shi za a buɗe masa da cikakkiyar sallama, sai "bayan gaisuwa da fatan alheri", sannan buƙata. A rubuta irin su "ya ce" da "ta zo" kalma biyu-biyu a rabe, "motarsa" kuwa a haɗe. A kuma sa wa haruffa lanƙwasarsu, domin "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne, haka "bari" da "ɓari".