Metadon a idon doka, da ƙofar da ɗan Kebbi zai buga idan ƙwaya ta kama nasa

Idan gida ya gaji da ɗan da tiramol ko kodin ta kama, aka kuma ji labarin wani magani mai suna metadon da ke kashe ƙishirwar ƙwaya, abin da akan fara yi shi ne a aiki yaro kemis. Ɓata sawu ne. Babu mai shagon magani a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yawuri da doka ta yarje wa ya ajiye metadon a kanta. Lasisin mai kemis na magungunan yau da kullum ne, irin waɗanda ba sa buƙatar takardar likita. Wanda ya ce yana da shi a ƙarƙashin tebur, ko dai jabu ne ko na sata, kuma da shi da mai saye duk sun faɗa hurumin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Dalili kuwa shi ne metadon ɗin kansa ɗan gida ɗaya ne da hiroyin, mofin, kodin da tiramol. Yana cikin jeri na farko, mai tsauri ƙwarai, na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan magunguna masu sa maye, wadda Najeriya ke cikinta. Saboda haka ba ya shigowa ƙasa sai da izinin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta hannun Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya yake bi, asibitin da aka ba shi kuma sai ya kulle shi, masanin harhaɗa magunguna ya rubuta duk abin da ya fita da sunan wanda ya sha. A ɗaya ɓangaren, tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da bufrenofin, wani magani mai irin aikinsa, cikin jerin muhimman magunguna. Abin da ya raba magani da laifi a nan shi ne takardar likita da rajistar asibiti.

Laifin ba ƙarami ba ne. Dokar NDLEA, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 48 ta 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hodar iblis, hiroyin da makamantansu ko mai sayar da su, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama yana riƙe da su ko yana sha. Babbar Kotun Tarayya ce ke wannan shari'a. Tiramol da NAFDAC ta amince da ita mai miligiram 50 ce da mai 100, su ma da takardar likita. Mai 200 da 225 da 250 da ake ɓoyewa a aljihu haramtattu ne tun daga tushe, kuma ana gurfanar da mutane a kansu. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Dokar NDLEA ɗin ta ba alƙali damar ya haɗa hukunci da umarnin a kai mutum magani, idan kuma ƙaramin yaro ne yana iya ba da umarnin maganin a maimakon ɗauri. Lauyan da ya san aikinsa yakan roƙi wannan.

Wannan tsaurin ne ke sa iyaye su yi ta rufa-rufa har sai yaro ya fara faɗuwa. A sani cewa zuwa asibiti ba kai ƙara ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majinyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda wata doka ta tilasta, ko idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Abu ɗaya dai: kada a tafi da ƙwayar a aljihu wai don a nuna wa likita. Hoton fakitin a waya ya wadatar. Sirrin asibiti ba ya aiki a shingen hanya.

To ina za a dosa? Kada a zata za a ga gini da allon asibitin metadon. Babban tsarin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025 ya amince da irin wannan magani, amma a cibiyoyi ƙalilan aka fara shi, don haka hanyar ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa take bi. A cikin jiha, a fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko asibitin Sir Yahaya, a yanki kati, a ce ana son ganin likitan ƙwaƙwalwa kan shaye-shaye. Mutumin Zuru ko Kamba ya karɓi takardar turawa daga babban asibitin garinsu, tana rage yawo. Babbar cibiyar wannan yanki ita ce asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, gaba kaɗan da birnin Sakkwato, wanda ke karɓar mutanen Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. NDLEA na da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Duk inda aka je a yi tambaya gaba-gaɗi: kuna ba da metadon ko bufrenofin a nan, in ba ku bayarwa ina kuke turawa?

Likita zai so ya ji me ake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, ta baki ko ta allura, da abin da ake haɗawa da shi. Za a gwada fitsari, a duba hanta, a gwada cutar hanta ta B da C da ƙanjamau, musamman ga mai allura, wani lokaci a auna bugun zuciya domin metadon na iya rikita shi. Ƙarya a wannan zaman ita ce mafi tsada. Wanda ya ƙara gishiri don a ba shi da yawa, jikinsa ba zai ɗauka ba. Wanda ya ɓoye cewa yana shan ƙwayoyin barci irin su roci ko diyazefam ya ɓoye abin da zai tsayar masa da numfashi.

Ba kowane mai shan ƙwaya ake ɗorawa kan metadon ba, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan magungunan asibiti irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba, masu hiroyin kuwa wajen 87,000 ne. Metadon ya fi dacewa da wanda ya daɗe a ciki, mai hiroyin, mai allura, ko wanda ya sha yankewa yana komawa. Saurayin da ke haɗiyar tiramol don ya jure aikin fadama ko kabu-kabu, sau da yawa ragewa ake yi masa sannu a hankali ƙarƙashin kulawa, a ba shi maganin gudawa, amai, ciwon jiki da rashin barci, a haɗa da zaman shawara. Ɗora shi kan metadon ba tare da bincike ba ƙara masa kaya ne. Ga mai wiwi, sholisho ko ais kuwa, metadon ba ya yi masa komai sai illa.

Wanda ya cancanta, ga yadda abin yake. Ruwa ne ko ƙwaya, sau ɗaya a rana, a gaban ma'aikaci. Yakan ce a buɗe baki ko a yi magana bayan an haɗiye. Ba wulaƙanci ba ne, ƙa'ida ce, don kada a fita da shi. Ana farawa da kaɗan, galibi kada ya wuce miligiram 20, iyaka 30 a ranar farko, sannan a riƙa ƙara 5 zuwa 10 bayan 'yan kwanaki, har a kai inda mutum zai kwana ya wuni babu ƙishirwa babu maye, wanda ga yawancin mutane tsakanin 60 ne da 120. Me ya sa ake jan ƙafa haka? Metadon na daɗewa a jiki, na jiya bai gama fita ba na yau ya hau kansa, sai wajen kwana biyar yake daidaita. Abin da bai yi komai ba ranar Litinin yana iya kwantar da mutum ranar Alhamis. Shi ya sa mako biyun farko suka fi kowane lokaci haɗari, kuma a nan ne masu gaggawa ke ƙarawa da ta kan titi su kwana ba su tashi ba.

Zuwan kullum shi ne babban cikas ga mutumin karkara. Wanda ke Bagudo ba zai iya zuwa Sakkwato kowace safiya ba, don haka tun kafin a fara a zauna a lissafa masauki da kuɗin mota na watanni, ba na mako guda ba. Wanda ya yi fashin kwana uku ko fiye ba a mayar da shi kan adadinsa na da, domin juriyar jiki ta ragu, sai an sake auna shi. Ba da na gida sai bayan an ga natsuwa, kuma a kulle shi, domin kurɓi ɗaya ya isa ya kashe yaro. Mai son yin azumi ya yi maganar lokacin sha da asibiti tun cikin Sha'aban, kada ya tsallake da kansa. Mai shan maganin tarin fuka ya faɗa, domin rifamfisin na zaftare ƙarfin metadon har alamun yankewa su dawo, haka ma wasu magungunan farfaɗiya da na ƙanjamau. Mace mai ciki kada ta yanke ƙwaya farat ɗaya, yin haka na iya taɓa cikin. Ita ce ma ta fi cancantar a gan ta da wuri, duk da cewa mata ne aka fi ɓoyewa, alhali ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a ƙasar nan mace ce.

Akwai masu cewa ai an sauya ƙwaya da ƙwaya ne. Bambancin a fili yake: wannan an san ƙarfinsa, ba ya sa maye idan an daidaita shi, mutum na iya sallarsa ya je kasuwarsa, ba sai ya ɗauki tukunyar uwarsa ya sayar ba. Abin da akan zaɓa a maimakonsa, wato gidan mari, shi ne doka ba ta tare da shi. Kowa ya ga ɗaurin sarƙa da azabtarwar da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kare majinyaci daga azabtarwa da wulaƙanci, ta kuma ɗora tsare mutum ba da son ransa ba a kan binciken likita. Ta fuskar lafiya ma, wanda aka kulle wata uku ya fito da jikin da juriyarsa ga ƙwaya ta ragu, ranar da ya koma wa adadinsa na da ita ce ranar da aka fi jin tsoro.

Don haka kowa a gidan ya san alamun ƙwaya ta yi wa mutum yawa: barcin da ba a iya tayarwa, minshari mai kama da shaƙewa, numfashi jefi-jefi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya canza launi. Kada a ɗura masa nono ko manja, kada a ce bari ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa, a faɗi abin da ya sha don a yi masa allurar nalokson, mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi. Dokar 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Ko ya farka ya ce ya warke, kada a yarda a tafi gida, domin ƙarfin nalokson kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, metadon kuwa yana nan a jini har gobe.