An Ƙi Karɓar Takardun Neman Kwangilarka: Me Doka Ta Tanada?

Wace doka ce ke hukunci a kan lamarin?

Ya danganta ga mai aikin. Idan kwangilar ta gwamnatin tarayya ce, ko da kuwa a cikin garin Kaduna za a yi ta, kamar aikin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, to Dokar Ba da Kwangila ta 2007 ce ke aiki, kuma hukumar kula da ba da kwangilolin gwamnatin tarayya, wato BPP, da ke Abuja ce ke sa ido. Idan kuwa ta jiha ce, dokar Jihar Kaduna ta 2016 ake bi, ƙarƙashin kulawar hukumar kula da ba da kwangiloli ta jihar, wato KADPPA. Adadin kwanakin da za a ambata a nan na dokar tarayya ne, don haka mai neman aikin jiha sai ya ɗauki nasa wa'adin daga dokar jiha da kuma takardar sharuɗɗan da aka ba shi.

Shin kowane kuskure ne ke sa a jefar da takardun mutum?

A'a, kuma a nan ne akasarin ƙorafe-ƙorafe ke tsayawa ko su faɗi. Dokar tarayya ta raba saɓa ƙa'ida gida biyu, babba da ƙarama. Cikin manya akwai kawo takardu bayan cikar lokaci, da kai su wurin da ba shi aka ambata ba, da miƙa tayin da ba a sa wa hannu ba, da kuma tayin kamfanin da bai cancanta ba tun asali. Waɗannan ba su da magani. Wanda ya iso bayan an rufe akwatin jefa takardu, ko da cunkoson gadar Kawo ne ya riƙe shi, doka ta ce a mayar masa da ambulan ɗinsa ba tare da an buɗe ba, kuma jami'in da ya tausaya ya karɓa, shi ne ya karya doka. Hukuncin yana da ɗaci, amma ina ganin daidai ne, domin da zarar an fara karanta farashin wasu, duk wanda ya shigo daga baya zai iya gyara nasa.

Ƙananan kurakurai kuwa daban suke. Idan lissafi ne ya kuɓuce, misali an ninka farashin buhun siminti da yawan buhunan aka rubuta jimillar da ba ita ba, hukumar za ta gyara ta sanar da ɗan kwangila, kuma sai idan ya ƙi amincewa da gyaran ne za a ƙi tayinsa. Tana kuma iya neman ƙarin bayani a rubuce, muddin ba za a sauya farashi ko ainihin tayin ba. Saboda haka kafin mutum ya ɗauki alƙalami, ya fara tambayar kansa tsakani da Allah: abin da aka kama ni da shi yana cikin sharuɗɗan da aka buga, ko kuwa bayan an buɗe ne aka ƙirƙiro shi? Doka ta hana a auna tayi da wani ma'auni da ba a rubuta a takardar sharuɗɗa ba. Idan ba a ce a sa wa shafuka lamba ko a ɗinke takardu ta wata siga ba, ba a da hurumin kore ka don ba ka yi hakan ba.

Idan takardar haraji ko ta fansho ce ta ƙare fa?

Wannan batun cancanta ne, kuma da wuya ƙorafi ya yi nasara a kansa. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun PenCom (hukumar fansho), ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata), ana so su kasance masu aiki a ranar miƙawa. Rasit ɗin da ke nuna an nemi sabuntawa ba ya maye gurbin takardar kanta.

Wace shaida ya kamata in riƙe?

Ranar buɗewa ce tushen komai, kuma abin takaici ne yadda wasu ke tura yaron shago ya wakilce su. A bainar jama'a ake buɗe takardu da zarar lokaci ya cika, a kira sunan kowane kamfani, a karanta kuɗin da ya nema, a gaban masu sa ido daga ƙungiyoyin ƙwararru da na farar hula. Ka tabbata ka sa hannu a rajistar da ke kusa da akwatin, ka duba an rubuta ƙarfe nawa ka jefa ambulan ɗinka, ka karɓi rasit. Ka zauna da littafi kana rubuta abin da aka karanta, har da kamfanin da aka ce takardarsa ta lamunin banki ba ta ciki. Idan daga baya aka kore ka saboda rashin wata takarda, alhali an wuce da wani mai irin matsalarka, wannan rubutun shi ne hujjarka. Ka kuma ajiye cikakken kwafin abin da ka miƙa. Doka ta wajabta wa hukuma ta yi wa wanda bai samu ba bayanin dalili idan ya nema, don haka ka nema a rubuce.

Ina zan fara kai ƙorafi, kuma cikin kwana nawa?

Sashe na 54 na dokar tarayya ya shimfiɗa matakan. Za ka fara rubuta wa shugaban da ke da alhakin kuɗin hukumar, wato babban sakatare a ma'aikata ko babban darakta a hukuma, cikin ranakun aiki 15 daga ranar da ka san abin da ya faru. Shi ma yana da ranakun aiki 15 ya ba da amsa a rubuce tare da dalilai. Idan ya yi shiru ko amsarsa ba ta gamsar da kai ba, kana da ranakun aiki 10 ka kai ƙara BPP, wadda za ta dakatar da ci gaban ba da kwangilar, ta yanke hukunci cikin ranakun aiki 21, kuma tana da ikon soke matakin da ya saɓa doka. Bayan nan ne ƙofar Babbar Kotun Tarayya ke buɗewa, cikin kwana 30.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne wa'adin farko. Mutum zai shafe makonni yana bin ofis-ofis, ana ce masa ya yi haƙuri ana dubawa, ko yana neman wani babba ya sa baki, har kwanakin su ƙare ba tare da takarda ko ɗaya ta shiga ba. Ka kai wasiƙarka, a buga wa kwafinka hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata.

Zan iya wucewa kotu kai tsaye?

Kotu kan kori ƙarar wanda ya tsallake matakan farko, don haka lauya mai gaskiya zai mayar da kai ga wasiƙar. A cikinta ka ambaci sunan aikin da lambarsa, da sakin layin sharuɗɗan da aka ce ka saɓa, da shafin tayinka da ke nuna ka cika shi, sannan ka faɗi abin da kake nema, ko a mayar da tayinka cikin waɗanda za a tantance, ko a sake tantancewar baki ɗaya. Zargin cin hanci kuwa, idan ba ka da hujja a hannu, kada ka sa shi a ciki.